Bauri da Baƙin Ƙarfe

A ƙarshen watan Oktoba, idan iskar kaka ta fara kaɗawa a Summerfield, manyan itatuwan oak da suka kewaye gidanmu sukan zubar da ganye da 'ya'ya har mutum ya rasa inda zai sa ƙafa. Wata Asabar na share tsakar gida, na kwashe 'ya'yan da mota ta farfasa na zuba a wani bokiti mai tsofaffin ƙusoshi a gindi, na ajiye a bayan ɗaki na manta. Aka kwana uku ana ruwa. Ran Laraba da yamma 'yata ta shigo da gudu tana cewa, "Abba, zo ka gani, wani ya zuba tawada a bokitinka."

Na fita na leƙa. Ruwan ya yi baƙi ƙirin, da ɗan shuɗi-shuɗi a gefen da haske ya buga. Na tsoma yatsa na shafa a jikin katako, na daɗe a tsugune ban ce komai ba. Rabona da ganin wannan launi a wajen ɗakin bincike tun ina yaro a Kano, lokacin da baduku ke shafa kuloko a kan fatar da kakana ya jeme, ta rikiɗe ta koma baƙa a gaban idona.

Summerfield ƙaramin gari ne a arewa maso yammacin Greensboro, cikin gundumar Guilford ta jihar Karolina ta Arewa. Tsohon sunansa Bruce's Crossroads. Ƙasarsa ja ce jawur saboda ƙarfen da ke cikinta, kuma gonakin dawaki da dazuzzuka sun fi gidaje cin fili. Mu Hausawan Nijar da Najeriya da ke wannan yanki muna da ɗan dama, kowa da abin da ya kawo shi. Ni aikina auna sinadaran tsirrai, kuma mafi yawan abin da nake aunawa dangin abin da ya baƙanta bokitin nan ne. Masana suna kiransu dangin fenol. Kakana sunan da ya san su da shi bauri.

Majemi ne, ɗan majemi. A Majema ta wajen Ƙofar Wambai ya yi rayuwarsa, hannuwansa sun rine har farce. Idan aka kawo fatun awaki, sai a jiƙa su a ruwan toka har gashi ya saki, a shimfiɗa a kankare da kartaji, a wanke, a sake jiƙawa a ruwan da zai sa su yi laushi. Duk wannan share fage ne. Jima ta gaskiya tana farawa ne idan aka sauke buhun bagaruwa. Aikinmu ne mu yara mu daka ta a turmi, mu sheƙe, mu fitar da ƙwayar, domin kakana ya ce ƙarfin yana cikin ɓawo. Garin da ya fita shi ake jiƙawa a kwatarniya, a tsoma fatar, a yi ta juyawa ana murzawa.

Kafin ya biya kuɗin buhu, sai ya ɗauki ɗan bagaruwa guda ya karya, ya tauna, ya yi shiru kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Wata rana ya miƙo mini sauran ya ce, "Kai yaro, tauna ka faɗa mini." Na tauna, bakina ya bushe ƙayau, harshe ya manne da ganɗa, na ce akwai ɗaci. Ya girgiza kai. "Ɗaci na maɗaci ne. Wannan bauri ne. Abin da ya yi wa harshenka shi zai yi wa fata. In bai kama bakinka ba, ba zai kama ta ba." Ya san wadda aka tsinko ɗanya aka shanya a inuwa, ya san wadda ta daɗe a ƙasa ruwa ya doke ta. Idan kuma yana so ya san ko jima ta kai, sai ya yanki ɗan gefen fatar ta wajen wuya, inda ta fi kauri, ya duba bakin yankan. In da sauran farin layi a tsakiya, sai ta koma kwatarniya.

Wannan bagaruwar dai ita ce kakata ke tafasawa ta ba mu idan gudawa ta kama mu, ita ake kurkure baki da ita idan dasashi na jini, ita ake zama a ruwanta saboda basir. A gidanmu babu katanga tsakanin majema da ɗakin magani. Buhu ɗaya ne.

Sana'ar ta daɗe ƙwarai. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a littafinsa da aka buga a 1550 ya ambaci masu ɗinka takalma na Gobir da ake kai hajarsu Tambutu da Gao. Da Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya lissafa takalma da jemammun fatu da jajayen fatun da aka rina cikin manyan kayan da birnin ke fitarwa har zuwa Tarabulus. Fatar jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi ta ratsa Sahara a bayan raƙuma, ta shiga jiragen ruwa daga gaɓar Arewacin Afirka, masu ɗaure littattafai a Ingila suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can ta biyo. Bagaruwa ce ta jeme ta, karan dafi ya ba ta ja, kuloko ya ba ta baƙi. Kuloko kuwa ruwa ne da ake jiƙa guntayen ƙarfe ko kashin maƙera a ciki tare da abu mai tsami. Shi kaɗai ba shi da wani baƙi na a zo a gani. Sai ya haɗu da baurin da ke cikin jemammiyar fata sannan baƙin ke bayyana. Malaman da ke rubuta Alƙur'ani a takarda su ma sun san haɗin, sukan dafa bagaruwa da ƙarfe su sami tawadar da ba ta wankuwa kamar ta allo.

Ba mu kaɗai muka san wannan sirri ba. A ƙasashen Larabawa da Turai akwai wani ƙululu da ke fitowa a reshen oak idan wani ƙwaro ya sa ƙwai a ciki, mafi kyawunsa daga wajen Halab ta Sham ake kawo shi, kuma cike yake da bauri. Da shi da gishirin ƙarfe aka yi tawadar da Turai ta yi rubutu da ita ɗaruruwan shekaru, har da tsarin mulkin Amurka na 1787. Tun a ƙarni na farko Pliny na Rum ya rubuta cewa ana jiƙa takarda a ruwan ƙululun nan don gane ko an yi algus da gishirin ƙarfe a wani kaya: in ta yi baƙi, an yi. Wato baduku a Kano da ɗan kasuwa a Rum gwaji ɗaya suke yi. Inda hanya ta rabu shi ne ranar da wani ya ce yana so ya ga abin da ke baƙantawar shi kaɗai, a tafin hannunsa, ba tare da sauran tarkacen ba.

Mutumin shi ne Carl Wilhelm Scheele, mai haɗa magunguna a wani ƙaramin gari a Suwidin. Ya jiƙa ƙululun, ya bar ruwan ya daɗe har ya yi fumfuna, sai wani gari ya kwanta a gindi. Ya tace, ya narkar, ya sake daskararwa, har ya sami farin abu mai ƙyalli kamar allurai ƙanana. An bayyana aikin a 1786, shekarar da ya rasu. Wannan shi ne galik asid. Bayan shekara 10, Armand Seguin, wanda ke jemar fatun takalman sojojin Faransa, ya nuna cewa abin da ke jima yana kama dankon da ake samu daga fata ya dunƙule shi, kuma daga wannan zamani sunan tanin ya bazu. A 1834 Friedlieb Runge a Jamus ya ciro wani abu mai kaifin wari daga kwaltar gawayin ƙasa, wanda daga baya aka sa wa suna fenol, kuma da shi Joseph Lister ya riƙa wanke raunuka da kayan tiyata a Glasgow, ya wallafa sakamakon a 1867. A tsakanin waɗannan shekaru aka ciro salisin daga ɓawon itacen willow, maganin zazzaɓi na gargajiyar Turai, wanda jikansa shi ne asfirin da Felix Hoffmann ya haɗa a kamfanin Bayer a 1897.

A hankali aka gane duk 'yan gida ɗaya ne. Gininsu zobe ne na ƙwayoyin kabon 6, da wani ɗan hannu na oksijin da haidurojin a manne a gefe. Fenol hannu ɗaya gare shi. Galik asid yana da irin hannun nan 3 jere da juna. Tanin kuwa tarin irin waɗannan zobba ne a ɗaure wuri guda, hannuwa rututu, shi ya sa duk furotin da ya gifta sai ya cafke shi. A baki yana cafke furotin ɗin yawu, santsi ya tafi, mu ce bauri. A kwatarniya yana cafke zaren fata ya ɗaure shi, ruɓa ta kasa shiga. A hanji yana tsuke fatar ciki, ruwa ya ragu. Idan kuma ya gamu da ƙarfe, hannuwan su rungume shi, launi ya fito. Emil Fischer ya ƙarar da shekarunsa na ƙarshe yana nuna cewa tanin ɗin ƙululu sukari ne a tsakiya da galik asid kewaye da shi, sannan a 1920 Karl Freudenberg ya raba tanin gida biyu: wanda ke warwarewa ya saki galik asid, da wanda ke dunƙule ba ya warwarewa. Na farko yakan ba da baƙi mai shuɗi idan ya ga ƙarfe, na biyu baƙi mai kore. Bagaruwa tana ɗauke da dangin biyun.

Babbar wahala a wannan sana'a ita ce rarrabewa. Ruwan ganye guda yana iya ƙunsar ɗaruruwan sinadarai masu kama da juna kamar 'yan uwa ɗaya. Mikhail Tswett, masanin tsirrai ɗan Rasha, shi ya buɗe ƙofa a 1906. Ya cika bututun gilashi da garin alli, ya zuba ruwan ganye a sama, ya bi shi da wani ruwa. Kowane launi ya sauko da saurinsa, mai son allin ya tsaya a baya, mai son ruwan ya yi gaba, suka jeru layi-layi, kore daban, rawaya daban. Duk macen da ta taɓa tankaɗe gari a faifai ta san hikimar: motsi ɗaya ne, amma tsaki da gari ba sa tafiya tare. A 1944 Archer Martin da abokan aikinsa a Ingila suka mayar da tseren kan takarda, kuma a 1948 Edgar Bate-Smith a Kambirij ya yi amfani da takardar wajen rarrabe launukan furanni. Daga nan aka fara sa wa dangin fenol suna ɗaya bayan ɗaya. Injinan da nake aiki da su yau jikokin bututun Tswett ne, sai dai suna tura ruwan da ƙarfin famfo, kuma a bakin fita akwai na'urar da ke auna nauyin duk abin da ya fito. Ga kuma wani ruwan gwaji da Otto Folin da Vintilă Ciocâlteu suka haɗa a 1927, wanda ke komawa shuɗi gwargwadon yawan fenol. Tun da Singleton da Rossi suka daidaita shi a 1965, mudun da aka fi auna tsirrai da shi a duniya galik asid ne, wato ɗaya daga cikin abubuwan da na daka a turmin kakana.

Da waɗannan dabaru aka leƙa cikin kayanmu. A bagaruwa an sami galik asid da metil galat da katekin da elajik asid. Jan zoɓo antosayanin ne. Jan karan dafi wani ɗan uwansa ne mai suna afijeninidin, wanda ba ya saurin kodewa, shi ya sa jar fatar Kano ke daɗewa da launinta. Ƙamshin kanumfari da zafin da ke kashe ciwon haƙori yujinol ne. Rawayar gangamau kurkumin ce. Baurin goro katekin ne da danginsa, kuma su ne ke haɗuwa da iska su rina haƙoran mai ci. Marke da sabara duk suna da nasu kason. Sunayen Hausa na waɗannan tsirrai ma an daɗe da rubuta su: J. M. Dalziel, likita ɗan Sikotland da ya yi aiki a Arewa, ya fitar da ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, sannan babban littafinsa kan tsirran Afirka ta Yamma masu amfani a 1937.

A nan ne abin ke ci mini rai. Lokacin da nake shekarar ƙarshe a jami'a a gida, na zaɓi bagaruwa don aikin kammala karatu. Na jiƙa garinta a barasar gwaji, na tace, na ɗiga ruwan gishirin ƙarfe, ya yi baƙi mai shuɗi, na rubuta cewa akwai tanin. Na ɗiga ruwan a faranti mai ƙwayoyin cuta, da safe na ga fili ya buɗe kewaye da ɗigon, na rubuta cewa yana kashe su. Injin da zai kai ni gaba da haka yana nan a kusurwa an lulluɓe shi da leda, an ce wani sashensa ya lalace tun kafin in shigo makarantar. Na ci jarrabawa. Da na je gida na ba kakana labari, ya saurara har na gama, ya ce, "To, madalla. Amma ai ni ma na san in ta ga ƙarfe baƙi take yi. Me suka ƙara maka?" Ban sami amsa ba. Har yau ina karanta ayyukan ɗalibai da malamai daga gida, masu ƙwazo ƙwarai, kuma da yawa a nan suke tsayawa: akwai tanin, akwai filabonoid, yana kashe ƙwayoyin cuta a faranti. Inda fata ta fi taushi nan ake mai da jima.

Tsayawa a nan yana da haɗari iri biyu, kuma tarihi ya nuna su duka. Na farko shi ne ƙima. A 1925 wani likita a Detroit, Edward Davidson, ya fara shafa tanin a kan ƙuna. Ƙunar takan bushe ta yi ɓawo, zafi ya ragu, asibitoci suka karɓa hannu biyu-biyu. Sai a farkon shekarun 1940, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, aka lura cewa wasu da aka shafa wa a ƙuna mai faɗi hantarsu na lalacewa, aka daina. Abin da ke jeme fata yana iya taɓa hanta idan ya shiga jini da yawa. Haka kuma yawan bauri a ciki yana hana jiki tsotsar ƙarfe daga abinci, abin da ya kamata duk mai shan shayi mai kauri a kan abinci ya sani, musamman mai juna biyu. Kakata tana da nata awon, ɗan tafin hannu a tukunya kaza, amma bagaruwar bana ba ta zama lallai ta yi ƙarfin ta bara ba, ta fadama kuma ba ɗaya take da ta tudu ba.

Na biyu shi ne ruɗi. Tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci gabas da Summerfield akwai cibiyar bincike ta Research Triangle, inda Monroe Wall da Mansukh Wani, ɗan asalin Indiya, suka ciro magungunan sankara biyu daga itatuwa: kamtotesin a 1966 da taksol, wanda suka bayyana gininsa a 1971. Hanyarsu ita ce a raba ruwan ɓawo kashi-kashi, a gwada kowane kashi, a bi wanda ya yi aiki a sake raba shi, har a kai ga abu guda. Sun sha fama da tanin a hanya, domin tunda yana cafke kowane furotin, yakan sa tsiro ya yi kamar yana maganin komai a cikin kwalba alhali a jikin mutum ba haka ba ne. Har sai da Wall da abokan aikinsa suka wallafa hanyoyin tsame shi kafin a yi gwaji. Filin da na gani a farantina, da na yi ta murna da shi, yana buƙatar wannan tankaɗe kafin a ce an sami magani.

Greensboro kanta tana da darasi a kan awo. A 1890 Lunsford Richardson ya zo garin ya sayi kantin magani, ya haɗa wani man shafawa na mura da daga baya ya zama Vicks VapoRub, ɗan uwan mantaletan da muka sani. A cikin kayan haɗinsa na yau akwai timol, fenol ne daga tsiro. Babu wani abu a kwalbar da ya fi abin da ke rumfunan Kasuwar Kurmi tsada ko asiri. Abin da ya kai ta ko'ina a duniya shi ne kowace kwalba da sanannen awo ake haɗa ta.

Amma abin da ya fi faranta mini rai ya faru ne a Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Greensboro, tafiyar 'yan mintoci daga ƙofar gidana. Akwai wani ɗan tsiro na dazuzzukan gabashin Amurka mai rawayar saiwa, goldenseal, wanda ƙabilar Cherokee ta daɗe tana magani da shi. An san abin da ke kashe ƙwayoyin cuta a cikinsa berberin ne, amma an lura ruwan tsiron gaba ɗaya yana yin aikin da yawan berberin ɗin kaɗai bai isa ya bayyana ba. Farfesa Nadja Cech da abokan aikinta suka sauya salon gwajin. Maimakon su tambayi kowane kashi ko yana kashewa, sai suka tambaye shi ko yana ƙara wa berberin ƙarfi. A 2011 suka bayyana filabonoid guda 3, dangin fenol, ɗaya sunansa sideroksilin. Su kaɗai ba sa kashe ƙwayar cutar Staphylococcus aureus. Aikinsu toshe ɗan famfon da ƙwayar ke fitar da magani da shi daga cikinta, sai berberin ya taru a ciki ya gama da ita. Kuma sun fi yawa a ganye, shi kuwa berberin ya fi yawa a saiwa.

Ranar da na karanta wannan na tuna kalmar da kowane mai magani a Kurmi ke faɗi idan ya ƙunsa maka sassaƙe: mahaɗi. Zai ce ga saiwar, amma mahaɗinta jar kanwa, ko tsamiya, ko ganye kaza, in babu shi ba za ta ci ba. Mun daɗe muna ɗaukar wannan magana a matsayin dabarar ciniki. Wani lokaci haka ne. Wani lokaci kuma ilimi ne da aka tara a jikin dubban marasa lafiya, yana jiran wanda zai raba shi kashi-kashi, ya sa wa kowanne suna, ya sake haɗawa ya ga wanne ke riƙe da wanne. Mun taɓa gwadawa. A shekarun 1990 Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi wani haɗin gargajiya na ciwon sikila ta daidaita awonsa ta gwada shi a asibiti, aka sa masa suna Niprisan. Tsirrai 4 ne a ciki, biyu daga ciki kanumfari da jar dawa irin ta karan dafi. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an auna ta.

Lokaci kuwa ba ya jira. Tun da Augustus Schultz ya yi rajistar jima da gishirin kurom a Amurka a 1884, aikin da ke ɗaukar bagaruwa kwanaki ya koma na sa'o'i, kuma manyan masana'antun fata na Sharaɗa da Chalawa da Bompai da shi suke aiki, kogin Chalawa na ɗaukar dattin. Majema na raguwa, 'ya'yan majema da yawa sun kama wasu sana'o'i, ni ma ina cikinsu. Itacen bagaruwa kansa yana shan gatari saboda gawayi da itacen girki. A duwatsun yammacin Karolina ta Arewa an taɓa yin masana'antun da ke tatsar tanin daga itacen chestnut, har wata cutar fumfuna da aka fara gani a New York a 1904 ta bi dazuzzukan ta kashe biliyoyin itatuwa cikin kimanin shekara 50. Sana'ar ta bi itacen. Tsofaffin da suka san wane ɓawo ake sara a wane wata sun tafi da saninsu.

Don haka ga roƙona ga ɗalibin kimiyyar haɗa magunguna a Zariya ko Sakkwato ko Maraɗi, da mai koyon fasahar fata a Samaru. Kafin ka ɗiga ruwan ƙarfe a kwalba, ɗauki littafi ka je majema da rumfar mai magani, ka durƙusa ka gaida su. Tambayi Baba wace bagaruwa ce ta fi, ta wane gari, a wane wata ake tsinkar ta, me ya sa ake cire ƙwayar, mene ne mahaɗinta, nawa ake ba yaro nawa ake ba babba. Rubuta sunansa a aikinka idan ya yarda, domin da shi aka yi. Sannan ka koma ka raba abin har ka kai ga sinadari guda mai suna da nauyi. In injin makarantarku ya lalace, takarda da bututun gilashi da haƙuri sun ishi Tswett da Bate-Smith su fara. Mu kuma da Allah ya kawo inda injinan ke aiki dare da rana, hakki ne a kanmu mu buɗe muku ƙofa, a yi aikin tare, sunanku a gaba.

Ban zubar da ruwan bokitin ba. Na tace shi da tsumma, na ɗan tafasa ya yi kauri, na narka ƙaro kaɗan a ciki kamar yadda na ga malamai na yi, na fere wani kara na yi alƙalami. 'Yata ta ce me za ta rubuta, na ce ta rubuta bagaruwa, na faɗa mata baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Rubutun ya fito fari-fari kamar ruwan shayi, ta ɓata fuska ta ce, "Abba, bai kama ba." Na ce ta bar shi ya sha iska, haka wannan tawada take. Muka jingina takardar a taga. Da asuba da na tashi salla na duba, kalmar ta yi baƙi ƙirin, ta shige cikin takardar yadda ko an wanke ba za ta fita ba.